Rumbun Waƙa a Aljihun Riga

Mu da muka yi wayo a zamanin kaset mun san cewa waƙa tana da nauyi, tana kuma cin wuri. Idan mutum zai yi tafiya sai ya zauna ya yi lissafin wacce zai ɗauka da wacce zai bari, don jaka ba za ta kwashe su duka ba. Kaset ɗin da aka fi saye su ne mai minti 60 da mai minti 90, rabi a gaba rabi a baya. Ga mai jin waƙoƙin Turawa masu minti uku-uku, wannan fili ne mai yalwa. Ga mai jin Shata ko Ɗanƙwairo kuwa, makaɗi yana tsakiyar jero kirarin ubangidansa, 'yan amshi sun ɗau zafi, sai ka ji ƙas! Gefe ya ƙare, sai an juya.

A gidanmu rakoda ɗaya ce, ta Baba. A kan kabad take zama, an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, kuma yaro bai isa ya taɓa ta ba. Yayanmu kaɗai aka yarje wa, shi ma don ya iya naɗar waƙa daga rediyo ne. Sai ya zauna da yatsu biyu a kan maɓallai, jan da na kusa da shi, yana dakon Rediyon Kaduna ya sako abin da Baba yake so. Kafin ya tabbatar ita ce ya danna, an riga an wuce baiti ɗaya ko biyu. Shi ya sa waƙoƙi da yawa na haddace su ba kai, sai da na girma na ji yadda suke farawa. A ƙarshensu kuma muryar mai gabatar da shiri takan faɗo ciki, rabin gaisuwa ga wani mai sauraro a Funtuwa ko Gusau, sai ta yanke. Har yau idan na ji waɗannan waƙoƙi a tsabtace, kunnena yana jiran gaisuwar nan.

Batir shi ne babbar matsala. Da ya fara sanyi sai muryar mawaƙi ta yi nauyi, kalangu ya riƙa jan ƙafa. Sai a ciro batiran a shanya a rana, wasu har su ɗan dandaƙa su da dutse don a samu ƙari. Ba a mayar da kaset baya da injin rakoda, wannan ɓarnar wuta ce. Biro ake zura masa a rami, a ɗaga hannu a yi ta wulwulawa. Ran da rakoda ta ci kaset kuwa aiki ya samu: a zaro zaren a hankali, a yanke inda ya taune, a haɗa bakin biyu da jan farce. Kalma biyu ko uku da ke wurin sun tafi ke nan.

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman a watan Yulin 1979, amma an kwashe shekaru kafin ta zo hannun irinmu, kuma abin da ya zo ɗin galibi kwaikwayo ne. Ita ce ta fara ware mai sauraro daga jama'a, abin da bai kwanta wa manyanmu ba. A wurinmu kiɗa na dandali ne, rediyo ta zaure ce, kowa ya ji kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Yaro ya toshe kunne yana kaɗa kai shi kaɗai, babba ya yi masa magana bai amsa ba, ai ya ja wa kansa. Wani kawuna ya taɓa zare min abin kunnen a ƙofar gida, ya kara a nasa, ya ji Lata Mangeshkar ce, ya miƙo min.

"Kai yaro, in abin kirki ne me ya sa ba ka so mu ji?"

Na ce, "Kawu, haka aka yi ta, ba ta da lasifika."

Ya ce, "To, wanda ya yi ta marowaci ne."

Faifan CD bai yi ƙarko a aljihu ba. Na'urarsa ba ta son gargada, hanyoyinmu kuwa ba sai an faɗa ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne MP3, dabarar matse sauti da masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka ja ragamar ƙirƙirowa, wadda ke rage waƙa zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta ba tare da kunne ya lura sosai ba. Na'urorin farko da suka fito a 1998, irin su Rio, megabait 32 kawai suke ɗauka, bai ma kai kaset guda ba. Sai ranar 23 ga Oktoban 2001 Steve Jobs ya fito da iPod: gigabait 5, waƙa 1,000, dala 399. Sirrinta wani faifan ajiya ne na kamfanin Toshiba, irin na kwamfuta, amma faɗinsa bai kai inci biyu ba. Mu a lokacin hankalinmu ba ya can. Wata biyu ke nan da shigowar wayar GSM Nijeriya, layi kaɗai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, wa ke ta wata na'urar waƙa?

Ni sai bayan 2007 na riƙe tawa, ta hannu, daga wani abokin aiki da ya dawo daga karatu a Ingila. Ita ce wadda suka sa wa suna classic, mai gigabait 160, wadda aka ce za ta ɗauki waƙa 40,000. Tana da ɗan nauyi a tafin hannu, kuma in ka kara ta a kunne za ka ji faifan yana juyawa a cikinta. Da babban yatsa ake zagaya da'irar da ke gabanta, sunaye su riƙa gudu a allo. Sai dai cike ta zo min da waƙoƙin da ba nawa ba. Kantin iTunes da aka buɗe a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya santi 99 a lokacin, amma ba ni da katin saye ta intanet, kuma ko da ina da shi, ba can zan je neman Narambaɗa ba.

Don haka na je gida na kwaso kwalin kaset ɗin Baba, na bi 'yan uwa na aro nasu. Na samo kebul mai baki biyu, ɗaya a rakoda ɗaya a kwamfuta. Abin ba shi da hanyar ratse: kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 cif, kana zaune kana gadinsa, kana fatan kada a ɗauke wuta. Bayan nan a yanyanka, a raba waƙa da waƙa, sannan a zo ga aikin da ya fi cin rai, wato sa suna. An ƙera na'urar ne don duniyar da kowace waƙa take da kundin da ta fito a ciki, da shekara, da lambarta a jeri. Makaɗanmu ba haka suka yi aiki ba. Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan yi waƙa ɗaya a wurare daban-daban, kowanne da nasa ƙari da ragi, gwargwadon wanda ke zaune a wurin da irin alherin da ya yi. Wacce ce ta ainihi? Dukkansu. Sai na riƙa cike gurbin kundi da abin da na sani: ta gidan rediyo, ta wajen biki, mai gaisuwar Funtuwa, ta kaset ɗin Kawu. Wadda ta gagare ni in kai wa Baba, in sa masa a kunne, ya yi shiru yana kallon ƙasa, can ya ce, "Wannan Jankiɗi ne, Sarkin Musulmi yake wa." In rubuta nan take kafin in manta.

Inda yawan ajiyar ya yi rana da gaske ma ba a waƙa ba ne. Tafsirin azumi guda sa'o'i ne masu yawa, kaset cike da kwali. Na zuba na Sheikh Abubakar Gumi, na zuba na Sheikh Ja'afar shekara bayan shekara, na ƙara da saukar Alƙur'ani ta Husari da ta Minshawi, na duba na ga ko rabi ban ci ba. A ranar na gane cewa abin da ya cika ɗakin Baba, har ana tuntuɓe da shi, ya shige aljihun rigata.

Tafiyar dare daga Kano zuwa Legas ta daina yi min tsawo. In na ga dama in bar na'urar ta zaɓa min da kanta, ta ɗauko Ɗan Maraya Jos, ta bi shi da Bob Marley, ta faɗa Mohammed Rafi, ta dawo Barmani Coge, haɗin da babu gidan rediyon da zai yi maka. Ba kira, ba saƙo, ba mai nemanka ta cikinta. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Amma irina ba mu da yawa. Na'urar tana buƙatar kwamfuta, da wuta, da kuɗi, kuma tana buƙatar mutumin da yake son ya ji shi kaɗai. Jama'a wata hanyar suka bi. Da wayoyin Caina suka shigo, masu layi biyu da ramin memori da lasifikar da ake ji daga bakin layi, sai sana'a ta ɓullo: masu tura waƙa, 'yan dawunlodin, da teburi da laima da tsohuwar kwamfuta, a Farm Centre ta Kano, a tasha, a kasuwar ƙauye ranar da take ci. Ka miƙa memorinka, ya tambaye ka, "Na Hausa ko na Indiya? Wa'azi ko fim?" ka biya 'yan canji ka tafi. Abin da ka samo kuma ya bi Bluetooth zuwa wayar abokinka, daga baya Xender ta ƙara masa gudu. Wannan hanyar ta kai waƙa inda babu kanti, babu intanet. Mdou Moctar, mai jitar nan na Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya fitar da su, amma suka bi memori daga waya zuwa waya har Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ci karo da su. Daga nan sunansa ya fita duniya. Babu iPod a labarin nan ko kaɗan.

A can inda aka ƙera ta ma, tun tana ganiyarta aka haifi magajinta. Da Jobs ya gabatar da iPhone a Janairun 2007, abu na farko da ya kira ta da shi iPod ce mai faffaɗan allo, kafin ya ce waya ce. Cinikin iPod ya kai ƙololuwa a 2008, kusan miliyan 55 a shekara guda, daga nan ya kama gangara. A Oktoban wannan shekarar Spotify ya fara aiki a Turai. Microsoft ya janye tasa na'urar, Zune, a 2011. A Satumbar 2014, ranar da aka nuna iPhone 6, aka ɗauke classic daga kanti ba tare da wata sanarwa ba. Daga baya Tim Cook, shugaban kamfanin da ke ƙera ta a lokacin, ya ce kayan haɗa ta ne ba sa samuwa, masu nemanta kuma ba su kai yawan da za a sake mata tsari ba. Nan da nan farashin ta hannu ya ninka. Ƙannenta nano da shuffle suka bi ta a 2017, autarsu touch a Mayun 2022.

Ba na cikin masu cewa an yi mata zalunci. Waya ta ci wasan da gaskiyarta. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai sayi na'ura biyu ya yi cajin biyu ba alhali ɗaya ta isa, kuma tun 2019 akwai memori mai terabait guda, ninki shida na abin da nake taƙama da shi, ga shi bai fi farcen yatsa girma ba. Abin da nake lura da shi kawai shi ne inda manyan wayoyi suka dosa. An cire ramin abin kunne daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, da yawa kuma suka daina sa ramin memori a wayoyinsu masu tsada. Lissafinsu shi ne kowa yana da intanet a kowane lokaci, waƙa kuma ba ajiye ta ake ba, haya ake biya duk wata. Abin dariya, wayoyin talakawa irin su Tecno da Itel su ne suka riƙe ramukan nan biyu har da rediyo.

Bambancin kamar na mai rumbu ne da mai awo. Mai awo yana cin sabo kullum, yana da zaɓin kasuwa baki ɗaya, Spotify kaɗai yana da waƙoƙi sama da miliyan 100, ga Boomplay ga Audiomack. Amma ran da kasuwa ba ta ci ba, ko kuɗi suka yanke, sai ya kwana haka. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka faɗaɗa zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni a haka. Wanda karatunsa da waƙarsa ke cikin memori bai rasa abin ji ba. A farkon 2025 kuma an amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ko a inda intanet ba ta yankewa ma, abin da ba naka ba ba naka ba ne: a 2019 shafin MySpace ya sanar da cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora na shekara goma sha biyu sun salwanta wajen sauya ma'ajiya. Sannan a cikin miliyan ɗarin nan, nemo min waƙar Shata ta wajen biki da wani ya naɗa da rakodarsa a ƙarƙashin rumfa.

To ina makomar na'urar da aikinta kawai ta riƙe sauti ta rera? A ganina tsakiyar ce ta mutu, wato na'urar matsakaicin mutum mai matsakaicin farashi. Sama da ƙasa suna nan da ransu.

A sama akwai na masu kunnen zinare. Astell&Kern na Koriya ta Kudu da FiiO na Caina suna ƙera na'urori don masu son sauti marar matsi, Sony kuma bai saki sunan Walkman ba: a 2016 ya fitar da wata mai gangar jikin tagulla da aka shafe da zinare, sama da dala 3,000. Kasuwa ce ƙarama, kuma ba kowa ke tsira a cikinta ba. Mawaƙin nan Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 daga masoya a 2014 don tasa na'urar, Pono, bayan shekara uku ta zama tarihi. Waɗannan za su ci gaba da samun masu saye, amma ba da ni ba. Waƙar da aka naɗa daga rediyo da batir mai sanyi, duk tsadar na'ura shuuu ɗin kaset kawai za ta ƙara fito maka da shi. Kusa da su akwai masu farfaɗo da tsofaffin classic: a buɗe ta, a cire faifan mai juyawa a sa memori a gurbinsa, a sauya batir, wasu har su ɗora mata manhajar Rockbox don ta rabu da iTunes. Tawa ma haka wani yaro mai gyaran waya ya yi mata, yana yi yana tambayata, "Baba, wai ina ake sa mata layi?" Akwai kuma iyayen da ke son ɗansu ya ji karatu ba tare da sun damƙa masa waya da duk abin da ke cikinta ba. Su ma kasuwa ce, kuma ina ganin za ta ƙaru.

A ƙasa kuwa, a nan yawan yake, kodayake masu rubutu kan fasaha ba sa lissafa shi. Ita ce 'yar rediyon nan mai ramin memori da na filashi, da tocila a goshi, wata har da allon sola a baya. Tana teburin mai shayi, tana shagon tela, tana wurin maigadi, manomi ya rataye ta a reshe ya kama noma, makiyayi ya saƙala ta a kafaɗa. Ba ta neman data, ba ta neman iya karatu, maɓallanta manya ne, kuma ba ta cinye cajin wayar da ake jiran kira a cikinta. Uwa-uba tana da lasifika. Kawuna da ya kira wanda ya ƙera Walkman marowaci, irinta ce a gefen tabarmarsa har ƙarshen rayuwarsa, kowa ya zo gaisuwa ya ji tafsiri ko ya so ko bai so ba. Na'urar sauraro ce tsantsa, mai ɗaukar abin da ya fi ƙarfin iPod ta farko nesa ba kusa ba, sai dai ba a yi mata biki a Kalifoniya ba.

Indiyawa sun gane wannan sun mai da shi kasuwanci. A 2017 kamfanin Saregama, wanda ke riƙe da tsofaffin waƙoƙin finafinansu, ya fitar da Carvaan: akwati mai siffar rediyon da, an zuba masa waƙoƙi 5,000 tun daga masana'anta, ba intanet ba rajista, ka kunna kawai. An tallata shi a matsayin kyautar da ɗa zai kai wa iyayensa, ya kuwa samu karɓuwa a daidai lokacin da ake cewa waya ta gama da komai. Abin da suka sayar ba akwatin ba ne, zaɓin ne da tsarin: waƙoƙi masu tsabta, kowacce da sunanta da na mawaƙinta.

Da wani zai yi irinsa da Hausa, ƙera akwatin shi ne mafi sauƙi, masana'antun Shenzhen za su yi masa ko nawa yake so. Wahalar tana ga abin zubawa. Sai an bi ma'ajiyar gidajen rediyo irin na Kaduna, an bi tsofaffin masu sayar da kaset da masu tara su a gida, an nemo kwafi mafi kyau. Sai an zauna da magadan makaɗa an yi yarjejeniya. Sai kuma an samu dattawan da za su ji baiti biyu su ce wane ne, wa yake wa, a wane gari, kuma irinsu raguwa suke yi kowace shekara. Masu tura waƙa sun riga sun tara rabin kayan a kwamfutocinsu, amma da yawa ba su da suna sai lamba, an kwafa an sake kwafa har sauti ya dushe, kuma ba kasafai kuɗin da ake karɓa a teburin nan ke isa gidan mai waƙar ba.